Amon Jitar Abzin a Kunnen Mutumin Garki

Wata rana da la'asar sakaliya, cikin kwanakin nan da hunturu ya fara ja da baya alhali kuwa zafin bazara bai riga ya kankama ba, na tsaya a rumfar wani saurayi mai cajin waya a bakin kasuwar garinmu, Garki, domin in karɓi tawa wayar, sai ga wani amo ya fito daga 'yar lasifikar da ya rataye a jikin ginshiƙi, amon da duk da yawan shekarun da na shafe ina kasa kunne ga makaɗa, na fada da na noma da na zamani, ban iya ba shi suna nan take ba. Da farko na zaci goge ne aka matsa wa lamba har ya shaƙe, can kuma na ce a raina garaya ce a hannun wanda ya fusata, kafin in ankara kuwa sai ganguna suka afko a guje kamar dawakin da aka saki a filin sukuwa, muryar mawaƙin tana bisa, siririya, mai sanyi, tamkar ba ita ce ke tsakiyar wannan guguwa ba.

Na ce masa, "Ɗana, wannan kuma kiɗan waɗanne mutane ne?"

Ya ce, "Baba, na Buzaye ne. Wani direba da ke zuwa Maigatari ran kasuwa ya tura mini. Ya ce har Turawa rububinsa suke yi. In tura maka?"

Na ce ya tura. Tun daga wannan rana na yi ta bibiyar faifan da asalinsa, kuma abin da na tarar ya isa a ba da labarinsa, musamman ga mu mutanen wannan yanki da ba mu da nisa da iyakar Nijar, waɗanda kakanninmu suka yi ciniki da Abzinawa, watau Buzayen, tun zamanin ayarin gishiri da kanwa.

Sunan faifan da Turanci aka sa shi, Funeral for Justice, watau jana'izar adalci, kuma ya fito ne ranar 3 ga watan Mayu na shekarar 2024, ɗauke da waƙoƙi tara waɗanda gaba ɗayansu ba su cika minti arba'in ba. Mai shi kuwa sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar, sunan da yanzu ya zama na ƙungiyar baki ɗaya. Ɗan yankin Azawak ne, a cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, kuma ya tashi a gidan da ake riƙo da addini, inda ba a ɗauki kiɗan jita sana'ar ɗan mutunci ba. Saboda haka, da sha'awar abin ta kama shi bayan ya ga Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin magabatan wannan fanni a Nijar, yana wasa a bainar jama'a, bai sami mai saya masa kayan kiɗa ba, sai ya nemi katako ya sassaƙa da hannunsa, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke a madadin tsirkiya. Duk wanda ya taɓa ganin yaranmu na ƙauye suna haɗa kuntigi da gwangwanin sardin ya san irin wannan himma. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa, kuma har yau da yatsunsa tsirara yake taɓa tsirkiya, kamar yadda mai molo ko mai gurmi ke yi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsa, wanda kuma galibin masu sauraronsa a nan ba su sani ba, shi ne cewa faifansa na farko, mai suna Anar, a birnin Sakkwato aka ɗauke shi, a shekarar 2008. Zamanin nan kuwa shi ne lokacin da waƙoƙin fina-finan Hausa suka cika kowace tasha da kowane shagon aski, da kiɗan fiyano da na'urar nan mai lanƙwasa murya har ta riƙa rawa kamar ta cikin ruwa. Shi kuma wannan saurayi Ba'abzine ya shiga sitidiyon Hausawa, ya ɗora waƙoƙinsa na Tamashek a kan wannan salo namu, ya koma gida da su. Ba a buga faifan a kasuwa ba a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya, ta Bluetooth da memori, daga hannun direba zuwa na makiyayi, daga Agadas har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke yawon tattara waƙoƙin da mutanen Sahara ke ajiyewa a wayoyinsu, ya ci karo da ɗaya daga ciki, ya sa ta a wani faifan haɗaka da ya fitar a 2011, sa'an nan ya shiga neman mai ita har Allah ya haɗa su. Ashe ke nan hanyar da ta kai wannan makaɗi manyan dandalin Amurka da Turai ta ratsa ta birnin Shehu, kuma ta bi ta rumfuna irin wadda na tsaya a cikinta rannan.

Ƙungiyar mutum huɗu ce. Ban da shi kansa akwai Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, wadda aikinta shi ne riƙe zaren kiɗan kada ya tsinke, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da kuma Mikey Coltun, Ba'amurke, mai jitar nan mai kaurin murya da ake kira bes, wanda shi ne kuma ke ɗaukar sautin ya tace shi. Sun fitar da Ilana a 2019, sa'an nan Afrique Victime a 2021 a ƙarƙashin kamfanin Matador na birnin New York, kuma wannan kamfani ne ya sa marubutan Turawa ke lissafa su cikin makaɗan da suke kira indi, lafazin da ba ya nufin komai face ƙungiyoyin da ƙananan kamfanoni masu zaman kansu ke buga wa faifai, nesa da manyan kamfanonin da ke auna kowace waƙa da ma'aunin riba. Ɗayan lafazin da suke liƙa musu shi ne saikedelik, kuma wannan yana bukatar bayani, domin a nan ne asalin maganata take.

Kalmar wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila ne, Humphry Osmond, ya ƙirƙiro ta wajen tsakiyar shekarun 1950, ya harhaɗa ta daga harshen Girkanci da ma'anar abin da ke bayyanar da ɓoyayyen zuci, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba cewa asalinta a kan wasu ƙwayoyi masu jirkita hankali aka yi ta. Daga baya, cikin shekarun 1960, samarin San Francisco da na Landan suka aro ta suka raɗa wa wani salon kiɗa wanda burinsa shi ne ya fitar da mai sauraro daga lissafin lokaci: waƙa ta yi tsawo, jimla guda ta yi ta maimaituwa, sauti ya riƙa amsa kuwwa yana narkewa, jita ta bar bin mawaƙi ta kama nata zance. Gwanin wannan fage shi ne Jimi Hendrix, baƙar fatan Amurka, shi ma bahago, wanda faifansa na farko ya fito a 1967. Abin lura shi ne cewa waɗannan samari, da suka tashi neman irin wannan sauti, gabas da kudu suka duba, suka ɗebo daga kiɗan Indiya da na Larabawa da na Afirka, domin a can ne aka daɗe da sanin sirrin maimaitawa. Hatta a Nijeriya an yi wannan yayi, don kuwa 'yan makarantar nan na Legas da suka kafa ƙungiyar Ofege sun fitar da faifai irin wannan a 1973. Saboda haka idan yau Bature ya ji jitar Agadas ya kira ta da wannan suna, lalle ya faɗi abin da kunnensa ya ji, amma ya juya nasabar, ya mai da kaka jika.

Kafin a fahimci amon faifan nan dole a san yadda jitar lantarki ke magana. Ita ba ta da ƙoƙo ko fatar da za ta ƙara mata murya, kamar yadda gurmi ke da shi. Katako ne daskararre, a ƙarƙashin tsirkiyoyinsa na ƙarfe an dasa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, ta yadda idan tsirkiya ta girgiza sai girgizar ta haifar da 'yar wutar lantarki, wutar ta bi waya zuwa akwatin da ke ƙara mata ƙarfi, shi kuma ya tura ta lasifika. To, idan aka ɗura wa akwatin nan abin da ya fi ƙarfinsa, sai sautin ya daina fita garau, ya dushe, ya yi gurnani, ya kuma daɗe bai mutu ba; idan kuma makaɗi ya matso da jitar kusa da lasifika, sai sautin da ya fita ya sake girgiza tsirkiyar, ita kuma ta sake mayar da shi, har a sami wannan doguwar ƙara mai huda kunne. Kowa a garin nan ya san ta, domin ita ce ƙarar da lasifikar masallaci ke yi idan ladan ya kusanto da abin maganarsa gare ta, kowa ya toshe kunne, a ruga a rage murya. Abin da mu muke ɗauka aibi a nemi gyaransa, shi makaɗan wannan fanni suka hore kamar yadda ake hore ingarma, suka sa masa linzami, suna sakinsa suna ja yadda suka so. Rabin balagar Mdou Moctar a nan take: ya san lokacin da zai bar tsirkiya ta yi kururuwa, ya kuma san lokacin da zai danne ta da tafin hannu ta yi shiru kamar an ɗauke wuta.

Ɗaya rabin kuwa kunnen Bahaushe ba ya bukatar tafinta a kansa. Kiɗan Turawa, galibinsa, tafiya ne daga masauki zuwa masauki, ana sauya tushen sauti kowane ɗan lokaci har a dawo gida. Amma kiɗan nan, kamar namu, yakan kafa turke guda ne ya yi ta kewaya shi, a kan matakan sauti biyar, yana nisa yana dawowa, ba ya sakin turken ko da waƙar za ta kai minti goma. Wanda ya taɓa zama ya saurari marigayi Haruna Uji na Haɗeja yana taɓa gurmi, yadda yatsunsa ke zubo ƙananan sautuka a jere kamar ana warware carbi, sa'an nan ya koma kan jimlarsa ta asali kamar bai taɓa barinta ba, to ya riga ya san ginin waƙoƙin wannan faifai tun kafin ya ji su. Bambancin shi ne Haruna Uji yana magana da mutanen da ke zaune a tabarma guda da shi, shi kuwa Mdou Moctar yana magana da filin da ya ɗauki dubbai, da murya wadda wutar lantarki ta ninka.

Game da gangunan, marubutan ƙasashen waje sun saba cewa tafiyar raƙumi suke kwaikwayo, kuma ban ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, amma ni abin da nake ji daban ne. Lugude nake ji. Ina nufin dakan da mata biyu ko uku ke yi a turmi guda, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, bugu uku-uku suna cusa kansu cikin bugu biyu-biyu, har mai wucewa ya kasa tantance inda zagayen ya fara. Wannan kuwa ba zato ne kawai ba, domin babbar gangar matan Abzinawa, wadda suke kira tende, turmin daka ne da ake ɗaure wa fata a baki, kuma daga kiɗanta da tafin da ke raka ta ne jitar Sahara ta gaji ƙafafunta. Souleymane Ibrahim ya ɗauki wannan lugude ya rarraba shi a kan gangunan Turawa da fayafayan ƙarfensu, ya kuma riƙe wata al'ada da duk wanda ya halarci dambe ko kokawa ya sani, watau kiɗa ya fara a taƙame, ya yi ta ɗaukar zafi sannu a hankali ba tare da an ji lokacin da aka ƙara ba, sai dai mutum ya tarar da ƙafarsa tana bugun ƙasa da sauri ninki biyu. A bukukuwan aure na Agadas, inda ƙungiyoyin jita ke kafa kayansu a fili da janareto, a nan aka gasa wannan salo, kuma ƙurar filin ba ta bar shi ba ko da aka kai shi Amurka.

A cikin kwana biyar aka ɗauki faifan Funeral for Justice, a wani gida da ba kowa a arewacin jihar New York, bayan ƙungiyar ta shafe kimanin shekara biyu tana yawon wasa a ƙasashe, kuma ana jin wannan a jikinsa, domin hannayen mutanen huɗu sun saba da juna har ba sa jiran ishara. Waƙar farko, wadda faifan ya ci sunanta, ba ta yi sallama ba. Da bugu ta buɗe ƙofa, jita da ganguna suka faɗo lokaci guda, kuma shugabannin Afirka take fuskanta da tambaya a kan halin da talakawansu ke ciki. Amma wadda ta fi kama ni ita ce ta biyu, Imouhar. An fara ta ne da ƙaramin sauti, a dushe, kamar daga tsohuwar rediyo a ɗakin maƙwabci, har mai sauraro ya kai hannu zai ƙara murya, sai kwatsam a yaye labulen, ƙungiyar gaba ɗaya ta rufto da cikakken ƙarfinta. Wannan dabara ta dace da abin da waƙar ke ɗauke da shi, don kuwa kira ne ga Abzinawa da su riƙe harshensu na Tamashek, su rubuta shi, kada ya dushe a bakin 'ya'yansu. Ga harshen a farkon waƙar yana shirin ɓacewa, ga shi kuma an ɗaga shi sama da ƙarfin tsiya.

A nan ya wajaba in ɗan ratse, domin maganar ta shafe mu. Mu Hausawa mun saba kuka da yadda Turanci ke cin harshenmu, kuma kukan yana kan hanya, amma ba kasafai muke tuna cewa namu harshen shi ma babban kifi ne a cikin wannan kogi ba. Yaron Ba'abzine da ya tashi a kasuwar Agadas ko ta Tawa, Hausa ce ke fara shiga bakinsa tare da Faransanci, kuma a 2025 hukumomin Nijar sun ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, abin da ya faranta mana rai ƙwarai. Sai dai a cikin jihar nan tamu ta Jigawa an taɓa yin harshen Auyokawa, mutanen Auyo, wanda yau babu sauran mai magana da shi, Hausa ta shanye shi sarai. Alhali kuwa tsakaninmu da Tamashek akwai tsohuwar amana: raƙumi da takarda kalmomi ne da masana suka nuna daga wajensu muka aro, kuma waƙa ta uku a faifan nan sunanta Takoba, wanda ba sai an fassara wa Bahaushe ba, takobi ne. Baƙin rawanin da manyansu ke alfahari da shi kuwa, mai ƙyallin shuni, marinan Kura ta ƙasar Kano ne suka daɗe suna rina musu shi suna bugawa. Idan maƙwabci irin wannan ya ɗaga murya yana tsoron mutuwar harshensa da rubutunsa na Tifinag, haƙƙin maƙwabtaka ne a tsaya a ji shi da kunnen basira.

Takoba ita ce wurin shan iska a faifan, tafiyarta a natse, mawaƙi na bayarwa 'yan amshi na karɓa, jitar tana zagaye kamar mai lallashi. Daga nan sai Sousoume Tamacheq ta tashi da wata ƙara mai kama da guɗa, gangunan suka kai matuƙar gudu, har nakan ji tsoron kada abin ya watse, amma ba ya watsewa, domin jitar Madassane tana ƙasa tana riƙe da shi kamar turken da aka kafa da kyau. Can kusa da ƙarshe akwai wadda aka sa wa suna Oh France, wadda ke tuhumar Faransa kai tsaye a kan abin da ta yi wa ƙasashen da ta mallaka. Mai karatu zai gane zafin wannan tuhuma idan ya tuna cewa tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, a tsakiyar ƙasar Abzinawa, aka kuma daɗe ana kai shi Faransa inda ya kasance cikin abin da ke kunna tashoshin lantarkinta, alhali mafi yawan mutanen Nijar har yau ba su da wuta a gidajensu. Mutumin da ya fito daga wannan ƙasa, wanda kayan sana'arsa ba ya magana sai da lantarki, wanda kuma sau da yawa sai an tayar da janareto kafin a ji shi a garinsu, idan ya buɗe akwatin sautinsa har ƙarshe yana ambaton wannan al'amari, to ƙarar tana da dalili, kuma ni ban ji ta a matsayin ado ba. Kuka ne na wanda ya gaji da yin magana a hankali ba a juyo ba.

Na san akwai mai karatun da zai ce, to, ina ruwan Musulmi da kiɗan da aka raɗa wa sunan maye? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa zan yi shisshigi cikin hurumin malamai ba, domin saɓaninsu a kan kayan kiɗa tsoho ne, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa, kowa da hujjarsa. Abin da kawai zan ce shi ne, halin nan da Turawa suka rasa sunan da za su ba shi sai da suka aro daga likitanci, malamanmu sun daɗe da saninsa da sunayensa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe babi sukutum a cikin Ihya'u a kan ladubban sama'i da wajdi, watau sauraro da halin da yake haifarwa a zuci, ya kuma bayyana cewa sauti yana motsa abin da ya tarar a cikin zuciya ne, mai kyau ko mummuna. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu bandiri a Kano ranar maukibin Ƙadiriyya ya ga yadda maimaita lafazi guda a kan bugu guda ke ɗauke mutum daga kansa ba tare da ya sha komai ba. Wanda kuma ya san garayar 'yan bori ya san cewa wannan ƙofa tana buɗewa ta wani ɓangaren da ba a so. Ba ina daidaita zikiri da kiɗan jita ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuni ne kawai da cewa ƙarfin maimaitawa a kan zuciyar ɗan Adam abu ne da ƙasar nan ta sani tun kafin a haifi San Francisco, kuma abin tambaya kullum shi ne ina aka nufa da mutum bayan an ɗauke shi. A faifan nan, gwargwadon fahimtata, an nufa da shi wajen tunanin zalunci da halin talaka.

Duk da haka ba zan ce aikin ba shi da inda ya gaza ba. A wasu wurare jitar takan yi yawa har ta binne muryar mawaƙin, ga shi kuwa muryarsa ba mai ƙarfi ba ce, kyanta a taushinta yake, kuma mu da muka tashi a kan Shata da Ɗan Maraya, inda kalma ce sarauniya kiɗa kuwa bafadenta, wannan yakan dame mu. Haka nan wanda ya saurare shi ta lasifikar waya kaɗai an zalunce shi, domin ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da kaurin bes, sai ta bar mutum da tsinin sautin kawai, kamar a ba shi yaji a hana shi tuwo. Sai da na sami abin sawa a kunne na zauna bayan sallar isha'i, gari ya yi tsit, sa'an nan na ji ƙasan ginin, na gane cewa abin da na ɗauka hayaniya ce a kasuwa yana da tsari kamar saƙar tabarma.

Ƙaddara kuma ta yi wa faifan tagwai. Ranar 26 ga Yuli 2023, bayan an riga an ɗauki waƙoƙin, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, aka rufe iyakoki da sararin sama, alhali ƙungiyar tana tsakiyar yawon wasa a Amurka, sai mutum ukun nan 'yan Nijar suka rasa hanyar komawa ga iyalansu. Mu ma a nan ba mu manta da waɗannan watanni ba, lokacin da aka datse iyakar Maigatari da ta wajen Ɓaɓura, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, dabbobi suka yi tsada, 'yan uwa suka kasa zuwa wa juna biki da ta'aziyya, har sai cikin watan Maris na 2024. A cikin zaman jiransu a Amurka ne makaɗan suka shiga wani sitidiyo a Brooklyn, suka zauna wuri guda, suka sake kaɗa waƙoƙin nan da jitar katako wadda ba ta bukatar wuta, da ƙananan ganguna na hannu, aka fitar da shi ranar 28 ga Fabrairu 2025 da sunan Tears of Injustice, hawayen zalunci. Waƙoƙin su ne dai, amma fushin ya koma baƙin ciki, kalmomin da guguwa ta rufe a faifan farko suka fito fili ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne ake jin abin da Abzinawa ke kira asuf, sunan da suke ba wannan kiɗa tun daga shekarun da farin 1973 da na 1984 suka kashe musu dabbobi suka watsa samarinsu Aljeriya da Libiya da biranenmu: kewar gida, da kaɗaicin mai nisa da dangi.

Akwai wani dattijo Ba'abzine da ya daɗe yana gadi a wani gida kusa da namu, wanda nakan zauna wurinsa da dare yana dafa shayinsa a kan 'yar murhun waya, kuma ɗaya ne daga cikin waɗanda wancan fari na biyu ya koro kudu. Na fara kunna masa faifan mai ƙara, ya saurara kaɗan, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, wannan na yara ne masu jini a jika." Sa'an nan na kunna masa na biyun. Bai ce komai ba har waƙar Imouhar ta yi nisa, butar shayin tana tafasa tana zuba a kan gawayi bai kula ba, leɓɓansa suna motsi a bayan rawani. Da ta ƙare ya ɗago kai ya ce, "Malam, jikokina da ke Kano ba su jin rabin abin da yaron nan ya faɗa." Ya ciro tsohuwar wayarsa daga aljihun riga, ya buɗe bayanta, ya zaro memorin ya miƙo mini, ya ce in kai wa yaron nan na bakin kasuwa da safe ya sa masa duka biyun, zai aika musu ranar da mota za ta tashi.